Baƙon Da Ya Zama Maigida: Tarihin Sukari A Nijar Da Maƙwabtanta

Kowa ya kwana a Maraɗi, ko Damagaram, ko Yamai, in ya fito da sassafe zai iske mai shayi ya riga ya kafa teburinsa a bakin hanya. Ga burodi a jere, ga gwangwanayen madara, ga kwanon sukari a tsakiya. Ba kasafai ake tambayar mutum ko yana so a sa masa ba, sai dai a tambaye shi cokali nawa. Da la'asar kuma samari sukan taru a inuwa, su hura gawayi, su ɗora 'yar buta, a dafa shayi har sau uku, kowace dahuwa da nata sukarin. A cikin gida ma haka abin yake, koko da kunu da fura da zoɓo duk sai an zuba musu. Yaron da ya tashi ya tarar da wannan zai zaci tun fil azal haka ake yi. Alhali kuwa kakan kakansa yana yiwuwa ya yi rayuwarsa duka har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa ɗanɗana farin sukari ba. Sukari baƙo ne a ƙasar nan, kuma ya kamata a san inda ya fito, da abin da aka biya kafin ya iso, da abin da har yanzu ake biya.

Zaƙin mutanen dā

Mutanen dā ba su rasa abin zaƙi ba. Akwai zuma wadda ake ɗiba daga amya ko kogon itace, akwai dabino da ayarin raƙuma ke kawowa daga Kawar da Azbin. Akwai garin ɗorawa, da kanya, da magarya, da goruba, da ɗinya wadda ake dafawa a yi maɗi. Akwai takanɗa da rake a fadama. Amma kowane ɗayansu yana da lokacinsa, yana kuma da wahalarsa. Ɗorawa sai da bazara, zuma sai an sha harbi, shi ya sa ake cewa zuma da zaƙi da harbi. Mai shan rake kuwa sai ya ɓare, ya tauna, ya tofar da tuka, kafin ya gama sanda ɗaya muƙamuƙinsa ya gaji. Nakiya da alkaki abincin buki ne, ba a ganinsu kullum. Abincin yau da gobe shi ne tuwon gero ko dawa, miyar kuka ko kuɓewa, wake, da fura da nono mai tsami.

Haka yake a zamanin Littafi Mai Tsarki ma. Zuma da ɓaure da busasshen inabi su ne zaƙin mutanen Isra'ila, ba su san sukari ba. Duk da haka littafin Karin Magana, sura 25, ya gargaɗi wanda ya sami zuma ya sha iyakar abin da ya ishe shi, domin yawanta yakan juya ciki.

Daga gabas mai nisa zuwa bakin Hamada

Masana sun ce a tsibirin Niyu Gini, can gabas da Indunisiya, aka fara noman rake, dubban shekaru kafin haihuwar Almasihu. Daga nan ya kai Indiya, inda aka gano yadda za a matse ruwansa, a dafa, har ya daskare ya zama tsaki-tsaki. Sunan ma daga can ya taso. Mutanen Indiya na dā suna ce masa sharkara, Farisawa suka ce shakar, Larabawa suka ce sukkar, Bahaushe ya ji a bakin Balarabe ya ce sukari.

Larabawa ne suka yaɗa noman rake zuwa Masar, da tsibiran Bahar Rum, da Andalus, da Maroko. A wannan zamani sukari magani ne da kayan sarauta. A wurin mai sayar da magunguna ake samunsa, ana auna shi kaɗan-kaɗan kamar kanumfari. A ƙarni na 16 sarakunan Maroko sun kafa manyan gonakin rake da wuraren matsa a kudancin ƙasarsu, suna sayar wa Turawa. Sarki Ahmad al-Mansur, wanda ya ci riba ƙwarai daga wannan ciniki, shi ne ya aiko da rundunar da ta karya daular Songhai a shekarar 1591, har sauran sarakunanta suka gangaro ƙasar Dandi, a kudu maso yammacin Nijar ta yau. Bayan mutuwarsa a 1603 gonakin suka lalace, gama rigingimu sun tashi a ƙasar, ga kuma wani sukari mai araha ya fara fitowa daga ƙetaren teku.

Jinin da ke cikin araharsa

Noman rake da dafa shi aiki ne mai cin rai. In an sare rake dole a matse shi nan da nan kafin ya yi tsami, saboda haka lokacin girbi injin matsa da tukwanen dahuwa ba su tsayawa dare da rana. Babu ɗa mai 'yanci da zai yarda ya yi wannan aiki a kan ɗan abin da masu gona ke son biya. Sai suka koma ga bayi.

Mutanen Fotugal suka fara gwadawa a tsibirin Madera, sa'an nan a Sawo Tome, wanda ke cikin teku kudu da gaɓar Nijeriya. Kolombos ya ɗauki irin rake zuwa tsibiran Karibiyan a tafiyarsa ta biyu, a 1493. Daga baya Barazil ta zama uwar gonakin rake, Ingilishi suka bi sawu a Babados da Jamaika, Faransawa kuma a ƙasar da yanzu ake kira Haiti. A cikin kimanin shekara 350 an loda 'yan Afirka wajen miliyan 12 da rabi a jiragen ruwa, kusan miliyan 2 daga cikinsu ba su kai gaci ba. Mafi yawan waɗanda suka kai, Barazil da Karibiyan aka kai su, ƙasashen rake. A gonaki da yawa masu mutuwa sun fi waɗanda ake haifa, sai a koma Afirka a sayo waɗansu.

Hausawa ba su tsira daga wannan ba. Yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 sun sa an kama mutane da yawa daga ƙasar Hausa, aka gangara da su bakin teku, aka sayar da su zuwa jihar Bahiya ta Barazil, wadda ke cike da gonakin rake. Tarihin Barazil ya ajiye labarin bayi Hausawa da suka ƙulla tawaye a birnin Salbado a 1807, suka kuma tayar a 1814. A Haiti kuwa, inda bayi kusan rabin miliyan ke noma wa Faransa sukari, tawayen 1791 bai tsaya ba sai da ƙasar ta sami 'yancin kanta a 1804.

Da wannan gumi da jini ne sukari ya sauko daga teburin sarki zuwa ƙoƙon talaka. Wajen shekarar 1700 mutumin Ingila yakan sha kamar kilo 2 a shekara. Wajen 1800 ya kai kilo 8, wajen 1900 kuma kusan kilo 40. Shayi mai sukari da burodi suka zama abincin leburorin masana'antu, domin suna kashe yunwa da sauri, ba su kuma bukatar dogon girki.

Akwai wani abu a cikin wannan tarihi da ya kamata kowane mai bi ya riƙe. A 1791, sa'ad da majalisar Ingila ta ƙi hana cinikin bayi, sai talakawa masu tsoron Allah, musamman 'yan ɗarikar Kwaka da waɗansu ikilisiyoyi, suka ce ba za su ƙara sayen sukarin da bawa ya noma ba. Tomas Kilakson, ɗaya daga cikin shugabannin yaƙi da bauta, ya ƙiyasta mutum 300,000 ne suka daina. Mata ne a gaba, gama su ke cefane, su ke haɗa shayi. Wannan kaɗai bai kawo ƙarshen bauta ba, amma ya taimaka wajen farkar da lamirin ƙasar. An hana cinikin bayi a 1807, aka soke bautar kanta a mafi yawan ƙasashen da Ingila ke mulka bisa ga dokar 1833. Mutanen nan sun saba da zaƙi a bakinsu, amma suka ajiye shi saboda ƙaunar maƙwabci wanda ba su taɓa gani ba.

Yadda ya shigo ƙasar nan

Ta arewa sukari ya fara shigowa, a bayan raƙumi. Baturen nan ɗan Jamus, Hainrik Bart, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bi ta Agadas a 1850, ya isa Kano a 1851. A cikin kayan Turai da ya lissafa a kasuwar Kano akwai sukarin Faransa, wanda fatake ke kawowa daga Tarabulus. Dunƙule ne mai tsini, mai tauri kamar dutse, sai an sa guduma a fasa. Attajirai da sarakuna ne ke iya sayensa. A 1853, tsakanin Wurno da Sakkwato, Bart ya ga wata 'yar gonar rake, aka faɗa masa mai ita ya yi shekaru masu yawa yana bauta a Barazil kafin Allah ya komo da shi. Watau abin da ya koya a gidan bauta shi ya zo yana gwadawa a gida.

Abin da ya buɗe wa sukari ƙofa sosai shi ne shayi. Koren ganyen shayi na ƙasar Sin ya bazu a Maroko a tsakiyar ƙarni na 19, daga nan ya ratsa Hamada sannu a hankali, har zuwa ƙarshen ƙarnin da farkon na 20 ya zama abin karɓar baƙo a wurin Larabawan daji da Buzaye. Ganyen yana da ɗaci ainun in an dafa shi sosai, ba ya shawuwa sai da sukari mai yawa. Makiyayi mai yini yana tafiya a ƙasa cikin rana, wanda abincinsa nono ne da ɗan gero, jikinsa yakan ƙone wannan zaƙi. Amma al'adar ba ta tsaya a daji ba, ta shigo gari. Tun daga shekarun 1990, lokacin da aiki ya yi wuya, darajar sefa kuma ta faɗi a 1994, samarin biranen Nijar suka riƙa kafa abin da ake kira fada, inda ake zama a yi hira a kewaye da butar shayi. Shayin makiyayi ke nan ya koma bakin mai zama wuri ɗaya.

A kudu kuma, a ƙasar Zazzau, tarihin sukari ya ratsa ta cikin tarihin ikilisiya. A shekarun Yaƙin Duniya na Ɗaya waɗansu sababbin masu bi suka zauna a ƙauyen Gimi, ƙarƙashin mishan ta C.M.S. Limamin da ke lura da su, W. A. Thompson, baƙar fata ne daga tsibiran Karibiyan, ƙasar da bauta ta kai kakanninsa. Ya koya musu matse rake da dafa shi domin su sami abin dogara da kai. Ciwon barci ya watse ƙauyen, amma sana'ar ba ta mutu ba. Ta bazu a ƙauyukan Zazzau, inda doki ke zagayawa yana juya ƙarfen matsa, ana dafa ruwan a zuba a ƙananan tasoshi. Mazarƙwaila ke nan, wadda har yau ake kaiwa kasuwannin Nijeriya da Nijar.

Da mulkin Turawa ya kafu, hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, motoci suka maye gurbin raƙuma, sai kantuna suka cika da sukari mai ƙwaya a cikin kwali. A Turai kuma an riga an gano yadda ake fitar da sukari daga saiwar wani tsiro mai kama da gwaza, aka kafa masana'anta ta farko a farkon ƙarni na 19, wannan ya ƙara masa araha. Kwalin Saint Louis ya zama tsarabar da ake kai wa mai jego, da marar lafiya, da suruki. Bayan samun 'yancin kai kowace ƙasa ta so ta yi nata. Nijeriya ta kafa masana'anta a Bacita, wadda ta fara aiki a 1964, daga baya ta ƙara wata a Numan. Kamaru ta kafa tata a Mbandjock, Chadi a Banda kusa da Sarh, Sudan kuma ta gina Kenana, wadda aka lissafa cikin manya na duniya. Nijar tana noman rake a fadamun Matamai da Magarya da yankin Gaya, amma na sha ne a sanda, farin sukarinta daga waje take saye. Yadda mutane suka dogara gare shi ya bayyana a Sudan a watan Janairu na 1982, sa'ad da gwamnatin Numairi ta ƙara kuɗin sukari, jama'a suka fito kan titi har aka rasa rayuka. Abin da dā sarki kaɗai ke lasa ya zama abin da talaka zai yi tawaye dominsa.

Bashin da jiki ke biya

Likitocin Indiya na dā sun lura akwai wata cuta wadda tururuwa ke taruwa a fitsarin mai ita. A 1776 wani likita a Ingila, Matiyu Dobson, ya tabbatar sukari ne ke cikin fitsarin. A 1921 aka gano insulin a Toronto ta Kanada, watau sinadarin da jiki ke fitarwa domin ya shigar da zaƙin da ke cikin jini inda za a yi amfani da shi. In jiki bai fitar da shi isasshe ba, ko kuwa ya daina jinsa, sai zaƙin ya taru a jini, a hankali ya ɓata ido, da ƙoda, da zuciya, da jijiyoyin ƙafa.

Likitocin mishan na farko ba su cika ganin wannan cuta a Afirka ba. Albat Kuk, wanda ya buɗe asibitin Mengo a Uganda a 1897, ya ba da labari a 1901 cewa ba a yawan samunta, ko da yake in ta kama mutum takan kashe. Daga baya waɗansu likitoci biyu da suka daɗe a Uganda, Denis Barkit da Hiyu Tarawel, wanda ya zama limamin Angilika bayan ya bar aikin asibiti, suka lura cewa cututtukan da suka cika asibitocin Turai ba su da yawa a wurin mutanen ƙauye masu cin hatsi da dusarsa, da wake, da ganye. Suka yi gargaɗi cewa in Afirka ta koma ga farin gari da farin sukari, cututtukan nan za su biyo baya. Haka kuwa ya faru. A 2021 ƙungiyar duniya mai lura da ciwon sukari ta ƙiyasta manya miliyan 24 ke da shi a Afirka kudu da Hamada, fiye da rabinsu kuma ba su ma san suna da shi ba.

A nan ya kamata a yi adalci. Ba sukari kaɗai ke kawo ciwon ba. Akwai gado, akwai ƙiba, akwai yawan zama, akwai tsufa. Irin wanda ke kama yara ƙanana kuwa ba shan zaƙi ke jawo shi ba, kada a ɗora wa uwa laifi. Mai ciwon kuma ba sammu aka yi masa ba, ba horo ne daga Allah ba. Amma likitoci sun tabbatar yawan sukari, musamman wanda ake sha a ruwa, yana kawo ƙiba, yana ƙara haɗarin ciwon, yana kuma cinye haƙoran yara.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'auni. Ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a yini. Ga babban mutum wannan ya kama kimanin giram 50, watau ƙwaya tara na sukarin kwali, in an rage zuwa rabin haka ya fi kyau. Gwangwani ɗaya na Coca-Cola mai santilita 33 yana ɗauke da giram 35, ƙwaya shida da ɗoriya. Mutumin da ya karya da shayi mai madarar gwangwani mai zaƙi, ya sha lemon kwalba da rana, ya zauna fada da yamma, ya wuce ma'aunin tun rana ba ta faɗi ba. Zuma da mazarƙwaila ma suna cikin lissafin nan, kada a ruɗi kai da cewa na gargajiya ne. Waɗansu gwamnatoci sun fara farga, Nijeriya ta soma karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta abin sha mai zaƙi a 2022. Amma haraji ba ya shiga madafa, mai riƙe da cokali ne ke yanke hukunci.

Abin da tarihi ya koyar

Tun da yake sabo ne ya kawo wannan hali, sabo kuma yana iya mai da shi. Harshe yakan koyi abin da aka saba masa. Wanda ke sa ƙwaya huɗu a kofi, in ya koma uku, bayan 'yan makonni ya koma biyu, zai iske na dā ya yi masa zaƙi har ya gundure shi. Sannu ba ta hana zuwa. Fura da nono ba ta bukatar ƙari, haka kakanni suka sha ta. Kunun tsamiya da koko suna da ɗanɗanonsu. Yaro ya fi amfana da mangwaro, ko gwaba, ko lemo a ɓare ya ci da tsokarsa, bisa ga alewa da biskit. Jariri kuwa kada a fara masa da ruwan sukari, gama abin da aka saba masa tun yana goye shi zai nema in ya girma. Tuwon gero da dawa, da wake, da zogale, da rama, waɗanda waɗansu ke rainawa suna cewa abincin ƙauye, su ne irin abincin da likitoci ke roƙon mutanen Turai su koma ci.

Ikilisiya tana da nata rabo a cikin wannan. A bikin aure, da baftisma, da Kirsimati, da taron zumuntar mata, an mai da akwatunan lemon kwalba ma'aunin karamci, har mai ƙaramin ƙarfi yakan ci bashi don kada a ce ya gaza. Ruwa mai sanyi, da zoɓo mai ɗan zaƙi kaɗan, da 'ya'yan itace ba su rage darajar baƙo. Ya kamata a riƙa tunawa da dattawan da ke zaune a taron, waɗanda likita ya hana su zaƙi, amma kunya ta hana su mai da abin da aka miƙa musu. Kwana arba'in na azumi kafin Ista kuma lokaci ne mai kyau da iyali za su gwada ajiye sukari tare. Duk wanda ya ga yana yawan ƙishi, yana yawan fitsari da dare, yana ramewa ba dalili, ko miki ya ƙi warkewa, ya je asibiti a auna jininsa, kada ya tsaya jira. Rigakafi ya fi magani.

Manzo Bulus ya tuna wa Korintiyawa cewa jikin mai bi haikali ne na Ruhu Mai Tsarki, ya kuma lissafa kamunkai cikin albarkun Ruhu a wasiƙarsa zuwa ga Galatiyawa. Zaƙi kyautar Allah ce, ba wanda ya ce zunubi ne. Amma masu bi na 1791 sun nuna ana iya ture kwanon sukari saboda ran wani. Yanzu ran da ake magana a kansa na cikin gida ne, na maigida, da na uwargida, da na 'ya'yan da ke zaune suna kallon cokali nawa ake zubawa. Allah ya ba da ikon kamewa, amin.